Yadda ake zana jadawalin 3D ba tare da kwalliya ta cinye alƙaluma ba

A shagunan zane da buga takardu na cikin garin Sakkwato, aikin jadawali ba ya yankewa. Ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo zai zo da kundin kammala karatu, ƙungiyar manoman albasa na son bana, wato babban ƙyallen sanarwa, don taro, ma'aikacin ƙaramar hukuma na son rahoton shekara. Kusan duka buƙatarsu ɗaya ce: a sa wa ginshiƙan kauri su fito kamar gini. Wannan ba laifi ba ne. Inda matsalar take, kaurin yakan taɓa tsawon ginshiƙi, alhali tsawon nan shi ne alƙaluman kansu. Don haka duk abin da za a bayyana a nan ya rataya ne a kan ƙa'ida ɗaya: a fara fitar da tsawo daga lissafi a shimfiɗe, sannan a ƙara kauri ta hanyar da ba za ta rage ko ƙara ko milimita ɗaya ba.

Lissafi kafin linzami

Mu ɗauki ƙidayar jama'a ta 2006 a jihohi bakwai na Arewa maso Yamma. A miliyoyi: Kano 9.40, Kaduna 6.11, Katsina 5.80, Jigawa 4.36, Sakkwato 3.70, Zamfara 3.28, Kebbi 3.26. Kafin ka buɗe wata manhaja, yanke ma'auni. A takardar A4, mai faɗin milimita 210, ma'auni mai sauƙi shi ne miliyan ɗaya ta zama milimita 10. Kano ta zama 94 ke nan, Kaduna 61.1, Katsina 58, Jigawa 43.6, Sakkwato 37, Zamfara 32.8, Kebbi 32.6. Rubuta waɗannan a takarda ka ajiye gefen kwamfuta, domin da su za ka auna aikin idan ka gama.

Faɗin kowane ginshiƙi milimita 12, tazara tsakani 8. Bakwai sau 12 ya ba da 84, tazara shida sau 8 ta ba da 48, jimla 132. Ƙara 4 na kaurin ginshiƙin ƙarshe, 136. Idan ka bar milimita 25 a kowane gefen takarda saboda ɗinkin kundi, kana da 160, wato akwai rarar 24 na rubutun ma'auni. Tazara dole ta fi kauri, in ba haka ba gefen wannan ginshiƙi zai hau fuskar na kusa da shi.

Tushen ginshiƙi sifili ne, babu sassauci. Wasu kan fara ma'auni daga miliyan 3 don bambanci ya fito. Idan aka yi haka, abin da zai rage wa Sakkwato 0.70 ne, Kebbi kuma 0.26, sai Sakkwato ta bayyana kusan ninki uku na Kebbi, alhali tazararsu ba ta kai rabin miliyan ba. A zane mai kauri abin ya fi muni, don ido yana ɗaukar ginshiƙin a matsayin abu mai nauyi da ke zaune a ƙasa, ba ya tunanin an yanke masa gindi.

Kada ka ja tsawo da hannu. Zana murabba'i ɗaya, ka rubuta faɗi da tsawonsa a akwatin ma'auni. A CorelDRAW akwatin yana kan sandar sama. Buɗe ɗan kwaɗon da ke haɗa faɗi da tsawo, in ba haka ba duk lokacin da ka canza ɗaya ɗayan zai bi shi. A Illustrator akwatin yana cikin Transform. A duka biyun akwai ƙananan ɗigo tara da ke nuna inda abu zai kafe yayin da yake girma; zaɓi na ƙasa, don ginshiƙi ya yi sama kawai. In ka manta, zai girma sama da ƙasa lokaci guda, gindin ya bar layi. A Corel, zaɓar duka bakwai ɗin da danna harafin B yana daidaita gindinsu.

Illustrator yana da nasa kayan jadawali, Column Graph Tool, wanda harafin J ke kira. Kana zuba alƙaluma ya fitar da ginshiƙai daidai. Amma ranar da ka kwance ɗaurinsa da Ungroup, alaƙarsa da alƙaluman ta yanke har abada. Kwafi ɗaya ka ajiye a wajen shafi kafin ka kwance, saboda mai aiki yakan dawo da gyara.

Hangen nesa shi ne babban mai ɓarna

Manhajojin zane suna da hanya biyu ta nuna zurfi. Ta farko irin ta ido da kyamara ce: abin da ya yi nisa yana ƙanƙancewa, kamar yadda turakun wuta ke raguwa a ido idan ka miƙa kallo kan titin Gusau. Ta biyu ita ce wadda layuka ke tafiya kafaɗa da kafaɗa ba sa haɗuwa, na nesa da na kusa girmansu ɗaya. Ta farko ta dace da zanen gida. Ga jadawali kuwa, ta biyu kaɗai ce ke da amana.

Ga dalili a lissafe. A hanya ta farko, tsawon da ido ke gani yana raguwa daidai da yadda nisa ya ƙaru. A ce ginshiƙin Katsina yana gaba, na Kaduna yana baya da nisan da ya ɗara da kashi 10 cikin ɗari kacal. Kaduna mai 61.1 za ta koma kamar 55.5, Katsina tana nan a 58. Jihar da ta fi yawa ta koma ƙasa da wadda ta fi ta ƙaranci, kuma babu wanda ya taɓa lamba ko ɗaya. Saboda haka duk inda ka ga Perspective, wato hangen nesa, mayar da shi sifili.

Gaba tsaye, kauri a gefe

Ga kundi da rahoto, salon da ya fi dacewa shi ne wanda masu zanen gini ke kira obilik. Fuskar gaba tana nan yadda ka zana ta, gindin duka ginshiƙan yana kan miƙaƙƙen layi ɗaya, kaurin ne kawai ke fita ta dama da sama. Mai karatu yana iya kwatanta tsawo kai tsaye.

Kowane ginshiƙi fuska uku ne. Ta gaba ka riga ka yi. Ta gefe: zana murabba'i mai faɗin milimita 4 da tsawo daidai da na ginshiƙin, ka karkata shi a tsaye da digiri 45, gefen damansa ya ɗaga sama, sannan ka manna gefen hagunsa a jikin ginshiƙin. Ta sama: murabba'i mai faɗin 12 da tsawon 4, a karkata shi a kwance da digiri 45. Karkatarwar sunanta Shear a Illustrator, Skew a CorelDRAW da Inkscape. In ta karkata ta ɓangaren da ba ka so, sa alamar ragi gaban lambar. Murfin sama iri ɗaya ne ga duka bakwai, don haka yi ɗaya ka kwafa. Kunna manne wa kusurwa, wato Snap, domin kusurwoyi su kama juna da kansu. Daidaitawa da ido kan bar ɗan gibin da ba a gani a allo amma ya fito fili a bana.

Mai CorelDRAW yana da gajeriyar hanya. Zaɓi ginshiƙi, ɗauki Extrude, sannan a jerin nau'o'insa ka zaɓi Back Parallel. Kada ka bar shi a Small Back, don shi ne mai ƙanƙance baya. Kuskuren da aka fi yi shi ne jan kaurin kowane ginshiƙi da hannu daban-daban, sai ka ga wani ya leƙa sama sosai, wani kaɗan. Gyara ginshiƙi na farko yadda kake so, sauran ka kwafa musu daga gare shi. In komai ya zauna, Ctrl da K yana raba fuskokin don ka iya ba kowace launinta.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba sa lura da shi. Yanzu kowane ginshiƙi yana da baki biyu a sama, na gaba da na baya, kuma na baya ya ɗara na gaba da milimita 4. A ma'auninmu, milimita 4 mutum dubu ɗari huɗu ne. Idan layukan ma'auni suna bangon baya amma an zana su daidai da gindin gaba, mai karatu zai bi bakin baya ya karanta Sakkwato a matsayin miliyan 4.1. Mafita biyu ce. Ko ka tura layukan bango sama da dama da milimita 4, ka haɗa su da ma'aunin gaba ta gajerun layuka masu karkata, ko kuma ka cire layukan gaba ɗaya ka rubuta adadi a kan kowane ginshiƙi. Ta biyu ta fi tsabta, kuma a wannan misali ma dole ce: bambancin Zamfara da Kebbi a zane bai wuce kashi biyu cikin goma na milimita ba. Ido ba mudu ba ne, ko da ya san kima wannan ta fi ƙarfinsa. Lamba ce kaɗai za ta raba su.

Irin wannan ruɗani ne ke faruwa da jadawalin 3D na Excel, inda ginshiƙi ke tsayawa nesa da bango sai ya zama kamar bai kai layinsa ba. Idan dole daga can za a ɗauko, kunna Right Angle Axes, ka mayar da Gap Depth sifili.

Aisometirik, don fosta da bana

Idan ana son zanen ya zama kamar an hango gari daga sama, aisometirik ake yi. Layukan tsaye suna nan tsaye, na kwance duka suna tashi da digiri 30, ɗaya dama ɗaya hagu. Lambar da za ka haddace ita ce 86.6. Ɗauki murabba'in ginshiƙi, matse faɗinsa kaɗai zuwa kashi 86.6 cikin ɗari, sannan ka karkata shi a tsaye da digiri 30. Kwafe shi ka juya kamar madubi, ka sami ɗaya fuskar. Dalilin matsewar: layin da aka karkata yana ƙara tsawo, 86.6 ɗin ne ke mayar da shi milimita 12 cif. Tsawon tsaye bai motsa ba, wanda shi ne abin da muke karewa. Murfin sama zai zama mai siffar lu'ulu'u, faɗinsa 20.8, tsayinsa 12. Zana shi da alƙalamin manhaja kana bin kusurwoyi.

Wajen jera su, kowane taku na milimita 20 a kan layin ƙasa yana nufin 17.3 zuwa dama da 10 zuwa sama. A Illustrator rubuta waɗannan a akwatin Move, ka danna Copy, sannan Ctrl da D ya maimaita. Inkscape, wanda kyauta ne kuma ba ya wahalar da ƙaramar kwamfuta, yana da ragar aisometirik a shirye: shiga Document Properties, sashen Grids, zaɓi Axonometric, kusurwoyinta dama a kan 30 suke.

Mai son manhaja ta yi masa aikin a Illustrator zai bi Effect, 3D and Materials, ya ɗauki Extrude and Bevel na Classic, ya zaɓi Isometric Left ko Right. Abu uku ke ɓata wannan hanya. Idan ba a ɗaure ginshiƙan wuri ɗaya da Group ba kafin a sa tasirin, kowanne zai juya a kan cibiyarsa, gindinsu ya watse. Idan an bar layin gefe, shi ma za a ba shi kauri, launinsa ya lulluɓe gefen ginshiƙin, shi ya sa wasu ke ganin gefe ya yi baƙi ƙirin. Na uku, wannan hanya tana rage duk tsawo zuwa kusan kashi 82 cikin ɗari. Tunda ragin ya shafi kowa daidai, kwatanci bai lalace ba, amma ma'aunin gefe dole ya shiga cikin ɗaurin, in ba haka ba zai fi ginshiƙan tsawo.

Raunin aisometirik shi ne gindin ginshiƙan yana hawa kamar matakala. Ginshiƙin Kebbi da ke can ƙarshen layi zai iya leƙa sama da na Jigawa a kan takarda, don kawai daga sama ya fara. Zana daɓen ƙasa a fili mai launi daban, ka jera daga gajere a gaba zuwa dogo a baya, kuma adadi ya hau kan kowanne.

Idan alƙaluman da kansu suna da ɓangare uku, misali kasuwanni, watanni da farashi, a nan ne layi biyu ko uku na ginshiƙai ke da hujja. Matsalarsa ɓoyewa ce: dogo a gaba yana rufe gajere a baya. Da zarar an wuce layi uku, ko aka ga wani ginshiƙi ya ɓuya fiye da rabi, a raba shi zuwa ƙananan jadawalai masu ma'auni ɗaya. A Blender ma, manhajar zanen 3D, ƙa'idar ba ta canza ba: kyamara ta zama Orthographic, wato mara ƙanƙance na nesa, juyinta 54.736 a X, sifili a Y, 45 a Z, cibiyar kowane akwati kuma a gindinsa.

Faifai da buhu

Jadawalin da'ira, mai kama da faifan da aka yanka, shi ne kauri ya fi cutarwa. Jihar Sakkwato tana da ƙananan hukumomi 23: takwas a mazaɓar sanatan Arewa, takwas a Gabas, bakwai a Kudu. A ce an kwantar da faifan ya zama faɗi 100, tsayi 60, kaurin baki 15, aka sa yankin Kudu a gaba. Saman yankin Kudu zai ci murabba'in milimita kusan 1,430, sauran biyun kusan 1,640 kowanne, daidai da gaskiya. Amma bakin faifan ta gaba kaɗai ake ganinsa, kuma mafi yawansa ya faɗa wa Kudu: ƙarin kusan 1,230, sauran kuwa kusan 140 kowanne. Jimlar launin da ido zai gani, Kudu 2,660, sauran 1,780. Mafi ƙanƙanta ya zama ninki ɗaya da rabi na manyan. Shawara ita ce a bar faifai a shimfiɗe. In mai aiki ya nace, rage kaurin zuwa milimita 3 ko 4, ka ba bakin duka launin toka guda ɗaya wanda ba na kowane yanki ba, kada ka kwantar da shi sosai.

Haka batun buhu. Ƙungiyar manoma daga Goronyo ko Wurno za ta so a zana buhun albasa ko na shinkafa maimakon ginshiƙi, kuma yana kyau. Sai dai idan amfanin bana ya ninka na bara, aka ja buhun ya ninka a tsawo, faɗinsa da kaurinsa ma sun ninka: biyu sau biyu sau biyu, ido ya ga buhun da zai ci takwas. A zana buhu ɗaya, a ce yana wakiltar adadi kaza, a tara su bisa juna kamar yadda ake lodi a kasuwa. Rabin adadi, a yanke buhu rabi.

Wani lokaci matsin ba daga manhaja yake zuwa ba. Mai aiki zai duba allo ya ce, "Malam, ɗan ƙara wa namu tsawo mana, ya yi ƙasa da yawa." Amsar da ta dace: "Ranka ya daɗe, tsawon ba nawa ba ne, na lissafin da ka kawo ne. Amma zan ba naku launin da ya fi fitowa, sauran in sa musu toka." Wannan yana biya masa buƙata, don ido zai fara sauka kan nasu, kuma ranar da wani ya ɗora ma'auni a kan takardar ba za a ji kunya ba.

Launi da rubutu

Haske daga wuri ɗaya yake zuwa, a ce sama ta hagu. Murfi ya fi haske, gaba matsakaici, gefe ya fi duhu, kuma haka a kowane ginshiƙi. A launin bugu na CMYK (C shuɗi, M ja-ja, Y rawaya, K baƙi), kore mai C85 M10 Y100 K10 ya yi a gaba; gefe a ɗaga K zuwa 35; murfi a sauke zuwa C55 M0 Y70 K0. Launi mai zuba daga haske zuwa duhu da ƙyalli irin na roba suna ɓatar da bakin sama, wanda shi ake karantawa, don haka a guje su. Kundin ɗalibai yawanci baƙi da fari ake kwafe shi. Mayar da zanen launin toka ka duba: ja da kore masu nauyi ɗaya sukan koma abu guda.

Rubutu ya tsaya a miƙe. Adadin da aka karkata don ya bi jikin ginshiƙi yana da wahalar karantawa, musamman a waya. A takarda girman rubutun kada ya gaza maki 8, wato 8 pt. Sannan a kula da haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da alamar ₦. Yawancin salon rubutu na ado ba su da su, sai "ƙidaya" ta fito da ɗan akwati a farko, ko harafin ya fito da wani salo daban. Noto Sans, Andika da Charis SIL duka suna da su. Kafin a kai wurin bugu a mayar da rubutun ya zama zane: Ctrl da Q a Corel, Ctrl, Shift da O a Illustrator. Ajiye kwafin da ba a mayar ba, don bayan haka ba a iya gyara harafi.

Fitarwa

In ka yi amfani da tasirin Classic, danna Expand Appearance don fuskokin su zama zane na gaske. Sau da yawa za ka ga siririn farin layi tsakanin fuska da fuska a PDF. Ba gibi ba ne, yadda allo ke laushin gefuna ne, amma yakan bi hoto idan an fitar da PNG. Ba kowace fuska layin gefe na maki 0.25 mai launinta, ko ka shimfiɗa siffa ɗaya mai duhu a bayan ginshiƙin duka. Idan akwai inuwa mai laushi, duba Document Raster Effects Settings. In yana kan 72, ɗaga shi zuwa 300, in ba haka ba inuwar za ta fito da tsaga-tsaga.

Ga takarda, PDF ya fi, da rarar milimita 3 a gefuna idan launi ya kai bakin shafi. Ga bana babba, hoto mai ɗigo 100 zuwa 150 a inci a ainihin girmansa ya wadatar, tunda daga nesa ake kallo. Inkscape da RGB, launin allo, yake fitarwa, don haka kore da shuɗi masu haske za su ɗan dushe a bugu. Nemi a buga maka gwaji ƙarami tukuna. Fayil ɗin Corel na sabon zubi ba ya buɗuwa a tsohon zubi, tambayi mai shagon wanne yake da shi. In ta WhatsApp za ka aika, tura shi a matsayin takarda, domin idan ya tafi a matsayin hoto ana matse shi, ƙananan lambobi su dagule.

Wani lahani kuma a wurin bugu yake aukuwa: a ja zanen ta gefe ɗaya don ya cika bana, kusurwar 30 ta koma wata aba, lu'ulu'un sama ya baje. Faɗa wa mai injin girman da ka yi aikin a kai, ka ce in za a ƙara a ƙara faɗi da tsawo tare. Da gwajin ya fito, ɗauki rula ka auna bakin gaba na ginshiƙi biyu. A A4 na salon obilik, Kano ta ba ka 94, Sakkwato 37. In an ƙara girman ko an rage, raba na Kano da na Sakkwato. Amsar ta tsaya a kusan 2.54.